Ranar Da Waƙa Ta Tsaya Cak a Lipnowa

Tun Lahadin farko da Celina Pazdur ta hau benen cocin Lipnowa ta zauna a gaban ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, ta gane cewa ba da kayan kiɗan za ta yi fama ba, da mutane ne.

Shi ogan ɗin ba shi da laifi. Tsoho ne, ya girmi kowa a ƙauyen, bututunsa sun yi duhu, madannansa sun lotsa saboda yatsun da suka bi ta kansu, amma idan ta jawo muryoyinsa ta taka na ƙasa da ƙafa, har katakon benen sai ya ɗauki rawa. Irin wannan aiki ta ƙare ƙuruciyarta tana koyo a makarantar kiɗa ta Krakow, hannu biyu da ƙafa biyu, kowanne da tasa hanyar. Ta gama da yabo, malamai suna nuna ta. Sai dai manyan cocin birni duk da maza a zaune a benayensu, kuma babu mai niyyar sauka. Lipnowa ce ta buɗe mata ƙofa, ta haɗa mata da gidan mai kiɗa da ke bayan coci, da ɗan lambunsa, da darasin waƙa a makarantar firamare. Ta ɗauko mahaifiyarta, wadda ciwon ƙafa ya fara zaunar da ita, suka tare.

To, a wannan Lahadin ta kama waƙar shiga yadda aka rubuta ta, da rai, da tafiya. Ta kai ƙarshen baiti ta ɗaga hannu, sai ta ji jama'a can ƙasa ba su ko kai rabi ba. Suna jan kalma ɗaya kamar ana jan saniya zuwa kasuwa. A gaban masu jan kuwa akwai wata murya mai kauri daga benci na biyu, wadda ba ta sakin kalma sai ta ga dama. Muryar Apolonia Gawlik ce, wadda ake kira Pani Apolonia, wato Uwargida Apolonia, shugabar matan zumunta, gwauruwa mai faɗin kafaɗa wadda ta yi wa rabin ƙauyen wankan haihuwa.

Da aka tashi, Celina ta same ta a gindin matakala, carbi a hannu, mata sun kewaye ta.

"Sannu da aiki, Pani Farfesa," in ji tsohuwar. "Jirgin ƙasa za ki kama ne?"

"Haka aka rubuta waƙar, Pani Apolonia."

"Wa ya rubuta?"

"Wanda ya yi ta."

"To, bai taɓa zuwa Lipnowa ba. Marigayi Pan Walenty, mai kiɗanmu na da, ya tsufa a benen nan, bai taɓa tsere mana ba."

"Na ji an ce barci yake yi tsakanin layi da layi."

"Ko minsharinsa ya fi kiɗanki albarka, yarinya."

Matan suka bushe da dariya. Celina ma ta yi murmushi, ta jefa mabuɗin benen a aljihu ta wuce. Lahadi ta gaba ta ƙara sauri.

Haka aka yi ta yi har kaka ta wuce, ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Tana kiɗa da safar hannu da ta yanke wa yatsu, numfashinta yana fita kamar hayaƙi, su kuma a ƙasa suna biye da ita nesa, ba wanda ya sauka daga kan bakansa. A makaranta kuwa ta sa yara tafi da buga ƙafa har suka iya riƙe tafiyar waƙa, amma ranar Lahadi da yaro ya riga kakarsa buɗe baki sai ya sha mintsini. A kantin ƙauye, in ta shiga sayen burodi, sai wani ya ce a ba Pani Farfesa hanya, tana sauri. Ba ta taɓa ƙin wucewa gaban layi ba.

"Celinka," in ji mahaifiyarta da sunan lelen da take kiranta, wata rana tana fere dankali, "ki ɗan rage mana. Me zai rage ki?"

"Kunnena, Mama. Ba zan zauna ina jin ana yanka waƙa ina riƙe mata ƙafa ba."

"Kunne ba ya hura wuta a murhu."

Da bazara ta shigo, ɓeraye suka dami ogan ɗin, sai ta buɗe ƙaramar ƙofar da ke bayansa ta shiga da tsintsiya. A can ta tarar da tsohon zuga-zugi, wanda aka daina amfani da shi tun da aka kawo injin lantarki mai hura iska. Ga katakon da mutum yake takawa, ya yi santsi saboda takalmi. Fatar zuga-zugin kuwa faci a kan faci, wani da ƙaro, wani da ɗinki. Ta kashe injin, ta taka katakon har iska ta cika, ta zagayo da gudu ta danna layi ɗaya na waƙa. Kafin ta kai ƙarshensa muryar ta shaƙe ta mutu. Ta sake gwadawa, haka. Sai ta zauna a kan benci tana dariya ita kaɗai. Ashe a da, mai kiɗa dole ya tafi a hankali don ya yi tattalin iska, ya tsaya a ƙarshen kowane layi ya jira mai takawa ya sake cikawa. Aka kawo inji, iska ta wadata, amma ƙauyen ya riga ya haddace waƙoƙinsa da wannan jan ƙafa, har ya ɗauke shi ibada.

Da ta yi shiru da bakinta, da ba a kai inda aka kai ba. Amma Celina ba ta iya riƙe abin da ta sani. Ranar Asabar matan zumunta suna jera furanni a gaban bagade, Apolonia ta ɗaga kai ta ce mata ko gobe ma tseren doki za a yi. Celina ta leƙo daga bene.

"Kin san daga ina tafiyar hawainiyarku ta fito, Pani Apolonia? Ba daga kakanni ba, ba daga sama ba. Daga yagaggiyar fata. Zuga-zugin ne yake yoyo, mai taka shi kuma ba ya iya cika shi. Ramin fata kuke rerawa duk shekarun nan."

Ta jira dariya. Ba wadda ta yi. Wata mata ta ajiye tulun furanni a hankali. Apolonia ta miƙe, ta goge hannu a jikin zanen aikinta.

"Ubana ne yake taka shi," ta ce. "Tun yana saurayi har gwiwarsa ta ƙi. Ni nake kai masa ruwa a bayan nan."

Celina ta janye daga bakin benen. Ba ta sani ba. Kalmar ban haƙuri ta zo har bakinta, sai ta ga idanun matan duk a kanta, suna jiran ta durƙusa, ba don uban Apolonia kaɗai ba, don kowace Lahadi da ta wuce.

"Allah Ya ji ƙansa," ta ce. "Ya yi aikinsa. Amma fatar dai a yage take."

Kafin rana ta faɗi matan sun je gidan Fada.

Fada Hieronim mutum ne mai son zaman lafiya da ƙudan zuma. A lambu ya kira ta, yana tsaye cikin amyoyinsa da raga a fuska, don haka ba ta ma ga idonsa sosai ba.

"Pani Celina, kunnena ya gaji. Ba a gaishe ni a hanya sai an haɗa da sunanki."

"Ba ƙarya na yi ba, Fada."

"Ban tambaye ki gaskiya ba. Idin Santa Anna ya kusa. Babban Fada na yanki zai zo, da duk limaman maƙwabta. Ba zan tsaya a gabansu ogan yana gabas mutane suna yamma ba. Ranar nan ki bi jama'a."

"Mai kiɗa ja yake yi, Fada, ba bi ba."

"A Krakow. A nan bi yake yi. Kada ki riga su ko da kalma ɗaya. In kin riga su, ki sauko mini da mabuɗi. Zenek ya ce a shirye yake."

Zenek shi ne mai kiɗan biki, wanda yake yawo da ƙaramin abin kiɗansa na lantarki a bayan mota, mai maɓallin da in ya danna sai ganguna su kama bugu da kansu. Celina ta matso kusa da Fada.

"Zenek zai zauna a gaban wannan ogan? Bai san inda ake sa ƙafa ba."

"Ya san inda ake sa kai. Kuma kin san gidan na mai kiɗa ne, ba nawa ba ne balle in bar miki."

Ta tsaya tana kallon ƙudan suna shiga suna fita. Akwai abin da ta so ta gaya masa game da yadda jama'a suke waƙa, abin da duk wanda ya taɓa zama a bene ya sani. Ta buɗe baki.

"Ban son karatu," in ji shi, ya ɗaga hannu.

"Ko da kalma ɗaya, ka ce?"

"Ko da rabinta."

"To, Fada."

A gida ta tarar labari ya riga ta. Mahaifiyarta tana zaune bakin taga, ƙafar a kan matashi, sai da aka gama cin abinci ta tada maganar.

"In sun kore mu, ina za mu da wannan ƙafar? Gidan yayanki a hawa na sama yake."

"Ba za su kore mu ba. Zan yi abin da aka ce."

Tsohuwar ta dube ta da kyau. "Wannan fuskar na san ta tun kina cikin zanin goyo. Ba fuskar mai biyayya ba ce."

Ranar idi gari ya waye da zafi. Tun da hantsi 'yan kasuwa suka kafa rumfuna a bakin coci, ga burodin zobe a jere a igiya, ga alewa mai siffar zuciya, ga bindigogin wasa da yara suke ta fasawa. Mutanen ƙauyukan kewaye sun zo a amalanke da motoci, cocin ya cika har waje. Daga madubin da ke saman madannai Celina tana ganin bagade: Fada Hieronim, limaman baƙi a jere cikin fararen kaya, da babban Fada, wani dogo mai furfura. A ƙasan bene ta hango ƙeyar Zenek, ya sha mai a gashi, ya sa sabuwar kwat. A benci na biyu ga ɗankwalin Apolonia mai furanni ja.

Aka buga ƙararrawa. Ta yi ɗan kiɗan share fage, a hankali, yadda suke so, har ta ga kawunan mata suna gyaɗawa. Sannan ta danna sautin farko na waƙar Santa Anna, ta riƙe.

Abin da Fada ya ƙi saurara shi ne wannan. Mutumin Lipnowa ba ya buɗe baki sai ya ji sauti ya sauko daga bene. Sai ya ji, ya ɗan juya shi a kunne, sannan ya bi. Haka iyayensa suka yi. Ko Pan Walenty, duk da nawarsa, shi ne a gaba, su a baya. Ba su taɓa sanin haka ba, domin ba a taɓa barin su su shiga gaba ba.

Suka shigo a kan sautin farko. Ta jira su matsa zuwa na biyu. Su ma suka jira ta. Can wani tsoho mai ƙarfin hali ya zame zuwa gaba, wasu suka bi shi, sai ita ma ta bi su a baya, kamar baiwa. Sauti na uku ya fi na biyu nisa. Layin farko ya ƙare da jan ciki. A na biyu masu ƙarfin halin suka fara shakka, don duk wanda ya matsa sai ya ji shi kaɗai ne a fili, ogan bai zo ba tukuna, sai ya ja da baya da kunya. Zufa ta fara bin bayan Celina. Yatsunta suna ƙaiƙayi, sun san hanya, suna son tafiya. Ta danne su. Ta tuna matakalar gidan yayanta da ƙafar mahaifiyarta, ta ƙara danne su.

A tsakiyar layi na uku waƙar ta tsaya cak.

Sun kama wata doguwar kalma, ba wanda ya yarda ya sake ta. Ita ma ba ta saki ba. Injin lantarki kuwa ba ya gajiya, iska tana ta zuwa, sautin nan ɗaya ya cika cocin yana tsaye kamar ginshiƙi. Maza suka fara faɗuwa, numfashi ya ƙare musu. Sai 'yan mata. Sai matan zumunta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ja iska ta sake kamawa, ta sake saki. Aka bar murya ɗaya daga benci na biyu, tana rawa, tana kankancewa, ta ƙi mutuwa. Ta madubi Celina ta ga wuyan Apolonia ya yi ja kamar ɗankwalinta. Daga nan ita ma ta yanke.

Ba kowa sai ogan. Wani jariri ya tsala kuka. A waje bindigar wasa ta fashe. Babban Fada ya karkata kai ya dubi Fada Hieronim, shi kuwa ya kafa wa littafinsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

A Lipnowa ba a juya wa bagade baya ana cikin sujada, ko yaro ya san wannan. Apolonia ta juya gaba ɗayanta, ta ɗaga fuska sama, carbi yana lilo a hannunta.

"Ke, mai taurin kan tsiya!" Muryarta ta kai har rumfunan waje. "Mutuwa kika yi a can? Ki wuce gaba mana mu bi!"

Celina ba ta motsa yatsa ba. Ta ɗaga ido ta kalli madubi, ta tsayar da shi a kan Fada Hieronim. Shi ya ɗaure, shi zai kwance. Ya ɗago, suka haɗa ido ta cikin gilashin. Kunnuwansa sun yi jawur. Ya ɗan kaɗa hannu daga gefen rigarsa, kamar mai korar ƙuda.

Ta jawo muryoyin ogan duka, har waɗanda ba ta taɓa buɗewa a ƙauyen ba, ta sauke ƙafa biyu a kan na ƙasa. Benen ya girgiza. Ta ɗauki waƙar daga farko, da tafiyarta ta gaskiya, ba ta rage ko ƙwayar zarra ba. Yaran makaranta ne suka fara cafkewa, yau ba mai mintsininsu. Maza suka biyo da ƙarfi, wasu suna danne dariya. Matan suka shigo a fusace, suna rerawa kamar masu zagi, kuma fushin ya ba su saurin da ba su san suna da shi ba. Baiti ya bi baiti. Da ta kai ƙarshe ta ɗaga hannu, cocin ya yi tsit tare da ita, in ban da murya ɗaya daga benci na biyu da ta ja kalmar ƙarshe ita kaɗai, da gangan, sai da ta ga dama ta saki.

Bayan an zaga coci da tutoci an tashi, Celina ta kulle bene ta sauka ta nufi ɗakin da limamai suke tuɓe kayan sujada. Baƙin sun riga sun wuce wajen cin abinci. Fada Hieronim yana tsaye shi kaɗai yana kokawa da igiyar ɗamararsa. Ta ajiye mabuɗin a kan tebur.

"Kin kunyata ni a gaban baƙi," ya ce, bai juyo ba.

"Na riga su da kalma ɗaya kafin ka ba ni hannu?"

"Kin san abin da zai faru."

"Na so in gaya maka a lambu. Ka ce ba ka son karatu."

Ya fizge igiyar ta kwance. Ya daɗe yana naɗe ta.

"Babban Fada ya tambaye ni ko kullum haka muke yi. Ya ce bai taɓa jin ƙauye yana waƙa kamar zai ci mutum ba." Ya yi tsaki. "Wadda ta kawo ƙara ita ta janye ta, da bakinta, a gaban duniya. Me zan ce? Ɗauke abin nan daga teburina."

Ta ɗauka.

"Amma don Allah, Pani Celina, ki ɗan rage. Kaɗan."

"A'a, Fada."

"Me zan gaya wa Zenek?"

"Ka ce masa akwai biki ranar Asabar."

A bakin ƙofar coci Apolonia tana zaune a kan benci cikin inuwa, ta kwance ɗankwali tana fifita da shi. Celina ta fito ta gan ta. Ta so ta wuce, tsohuwar ta tare hanya da sandarta.

"Kada ki ɗauka kin ci, Pani Farfesa. Don baƙi na yi magana, kada a koma da mu a baki."

"Na sani."

"Maganar ubana kuma tana nan. Ban yafe ba."

Celina ta ɗan sunkuyar da kai. "Wannan kina da gaskiya. Ban san shi ba ne, bai kamata in sa shi a ciki ba. Amma waƙar ba zan ja ta ba."

"Wa ya roƙe ki? Lahadi tana zuwa. Za mu ga mai gajiya." Ta janye sandar, ta zaro wani ƙunshi daga jaka ta tura mata. "Kek ne na cuku. Na uwarki ne, ita ba ta yi mini komai ba. Kada ki taɓa."

Celina ta karɓa ta rungume a ƙirji.

"Ki ci abinci sosai kafin Lahadi, Pani Apolonia," ta ce. "Doguwar waƙar nan ta girbi zan sa. Za ki nemi numfashi."